Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Maganin Kulorin Da 'Ya'yan Da Yake Haifarwa

Wannan jawabi ne da editan jaridarku ya gabatar a wani taron malamai da ɗaliban azuzuwan manya. Mun buga shi saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya karanta ya karanta wa maƙwabcinsa.



Yau zan yi magana a kan kwamin iyo. Na ga wasu sun fara murmushi. Na san abin da ke ranku. Kuna cewa, "Malam, mu da muke shan wahalar ruwan sha, ina ruwanmu da kwamin iyo?" Ku ba ni aron kunnuwanku tukuna. Kafin in zauna za ku ga maganar ta biyo ta bakin rijiyarku, ta shiga har cikin randar ɗakinku.

Ga wanda bai taɓa gani ba, kwamin iyo wani babban rami ne da ake ginawa da siminti, a shafe shi da tayil, a cika shi da ruwa don mutane su yi iyo. Akwai shi a manyan otal-otal na Kano da Kaduna da Abuja, da wasu makarantu da gidajen masu hali. Ku ce kududdufi ne na gini. Bambancinsu shi ne, shi akwai inji mai tace ruwansa, kuma ana zuba masa magani. Sunan maganin kulorin. Shi ne dai wanda ke cikin ruwan bilic na wanke fararen kaya. Shi ne kuma ma'aikatan lafiya suke zubawa a rijiyoyinmu idan amai da gudawa ya ɓulla.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan magana ɗan ƙanwata ne. Ya samu aiki a wani otal a birni, shi ke share kwamin iyo yana zuba masa magani. Da ya zo gida hutu, idanunsa jajur kamar gauta, ga tari ba ya barinsa barci. Uwarsa ta kira ni tana kuka. Ta ɗauka yaron ya fara shaye-shaye. Na zaunar da shi na tambaye shi. Ya ce, "Wallahi Kawu ba na shan komai. Warin ruwan nan ne." Na shirya na bi shi na ga wurin. Kwamin a cikin rufaffen ɗaki yake, tagogin a kulle saboda na'urar sanyi. Tun daga bakin ƙofa wari ya buge ni. Mai kula da wurin kuwa har da alfahari. Ya ce da ni wannan wari shi ne shaidar ruwansu yana da tsabta.

Ba haka ba ne. Kuma kusan kowa haka yake zato, har da masu digiri. Ni ma haka na ɗauka kafin in bincika.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Wannan wari mai hawa kai ba warin kulorin ba ne shi kaɗai. Idan ka zuba kulorin daidai kima a ruwa mai tsabta, ɗan ƙanshinsa kaɗan za ka ji. Wari mai sa hawaye yana tasowa ne idan kulorin ya gamu da ƙazantar jikin mutane, wato gumi, da fitsari, da dauɗa, da man shafawa. Idan suka haɗu sai su haifi wasu abubuwa sababbi. Masana kimiyya suna da dogayen sunaye da suke kiransu. Mu a nan bari mu kira su 'ya'yan kulorin.

Iyayenmu mata za su fi kowa gane wannan. Idan kika hura wuta da busasshen itace, wuta ta kama, tuwo ya nuna, hayaƙi kaɗan ne. Idan kika cusa ɗanyen itace fa? Hayaƙi ya turnuƙe ɗaki, ido ya yi ja, yara su yi ta tari, tuwon ma ya ƙi dahuwa. To, kulorin shi ne wutar. Ƙazanta ita ce ɗanyen itacen. Warin nan shi ne hayaƙin. Wanda ya ga hayaƙi ya cika ɗaki ya ce wuta ce take ci da kyau, ai bai san girki ba.

Daga ina kulorin ya fito?

Kafin mu ga laifinsa, mu fara faɗin alherinsa, don kada mu zama butulu. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Scheele ne ya gano shi a shekarar 1774. An daɗe ana amfani da shi wajen faranta tufafi. A shekarar 1908 aka fara zuba shi kullum a ruwan famfo na wani birni a Amurka, ana kiransa Jersey City. Likitan da ya tsaya a kan aikin sunansa John Leal. A lokacin zazzaɓin taifot yana kashe mutane da yawa a biranen Amurka. Da sauran birane suka bi sahu, sai cutar ta ja da baya ƙwarai. Yau kusan duk gidan ruwa na duniya yana aiki da shi, har da namu na Tamburawa da Challawa a Kano.

Abin mamaki shi ne ƙanƙantar abin da ake bukata. A kwamin iyo, giram 1 zuwa 3 ake so a samu a cikin lita 1,000 ta ruwa. Lita 1,000 duro biyar ke nan. Giram ɗaya kuwa bai wuce ɗan gishirin da mace za ta ɗiba da yatsu ba. Wannan ɗan abin yana kashe yawancin ƙwayoyin cuta cikin 'yan mintoci.

Shekara fiye da 60 ana zuba kulorin a ruwan famfo ba wanda ya lura yana da 'ya'ya. Sai a shekarar 1974 wani ma'aikacin gidan ruwa na birnin Rotadam a ƙasar Holan, mai suna Johannes Rook, ya gano wani abu. Ya auna ruwan kogi kafin a sa masa kulorin. Ya sāke aunawa bayan an sa. Sai ya tarar da wani sinadari da babu shi da farko. Sunansa kulorofom. Shi ne irin maganin da likitocin dā suke shaƙa wa mutum ya yi barci kafin a yi masa aiki. Ba wanda ya zuba shi a ruwan. A ciki aka haife shi, lokacin da kulorin ya gamu da ruɓaɓɓen ganye da ciyawar da kogi ya kwaso. Tun daga nan masana suka duƙufa. Zuwa yanzu sun ƙirga irin waɗannan 'ya'ya fiye da 600 a ruwan sha.

Me ya sa abin ya fi yawa a kwamin iyo?

Dalili a fili yake. Ruwan famfo sau ɗaya ake sa masa magani, ya bi bututu ya zo a sha. Shi kuwa ruwan kwami ba a cika zubar da shi ba. Ruwa ɗaya ne yake ta zagayawa, wata da watanni. Kullum mutane suna shiga da gumi, kullum ana ƙara magani. Injin tacewa yana kama gashi da ƙura, amma ba ya kama abin da ya narke. Saboda haka 'ya'yan kulorin sai su yi ta taruwa.

Manoma, ga wani abu da zai ba ku mamaki. Kun san takin zamani fari da ake kira yuriya, wanda kuke sa wa masara. To, a cikin fitsarin mutum akwai yuriya. A cikin gumi ma akwai. Iri ɗaya ne da na cikin buhu, ba bambanci. Jikinmu ne yake yin sa yana fitarwa. Idan yuriya ta gamu da kulorin a ruwa, sai a samu wasu 'ya'ya da ake kira kuloramin. Su uku ne. Na ukun shi ne mugun. Ba ya son zama a ruwa. Tashi yake yi ya zama iska. Kuma ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka ba ya yin sama. Kwanciya yake yi a kan fuskar ruwa, daidai inda hancin mai iyo yake, daidai inda mai shara yake sunkuyawa. Shi ne mai warin. Shi ne mai sa jan ido, da ƙaiƙayin maƙogwaro, da tari. Shi ne ya kama ɗan ƙanwata.

Wani zai ce, manyan mutane masu kuɗin shiga otal, su ne za su yi fitsari a ruwa? Ku gafarce ni, dattawa, amma dole a faɗa. Suna yi. A shekarar 2017 masana na Jami'ar Alberta a ƙasar Kanada suka yi wata dabara. Akwai wani abin zaƙi da ake sawa a lemon kwalba da cingam maimakon sukari. Jiki ba ya narkar da shi. Yadda ya shiga haka yake fita a fitsari. Sai suka riƙa auna shi a ruwan wuraren wanka 31 a birane biyu. Duka 31 an same shi. A wani kwami mai cin ruwa fiye da duro 4,000, sun ƙiyasta akwai fitsari lita 75. Jarka uku ke nan ta lita 25. Idan aka kwatanta da yawan ruwan, kaɗan ne. Amma ya isa ya ta da wari.

Akwai ɓarna ta biyu, kuma a ganina ta fi ta farko. Duk kulorin da ya tafi wajen faɗa da gumi da fitsari ya ƙare ke nan. Ba zai kashe ƙwayar cuta ba. Kamar mai gadi ne da aka ɗauka don ɓarayi, sai aka sa shi korar awaki. Kafin ya dawo an yi sata. Kun ga ke nan kwamin da ya fi wari sau da yawa shi ne wanda maganinsa ya fi rauni.

Kuma ko kulorin yana da ƙarfinsa, ba kowace ƙwaya yake kashewa nan take ba. Akwai wata mai sa zawo, mai tauri kamar tana cikin ƙwanso. Tana iya yin fiye da mako ɗaya da ranta a cikin ruwan da aka sa wa magani daidai. Shi ya sa ake hana mai zawo shiga kwamin iyo, ko da ya biya kuɗinsa.

Yaya suke shiga jiki, kuma me suke yi?

Ta hanya uku. Ta baki, idan mutum ya haɗiyi ruwa. Ta hanci, idan ya shaƙi iskar wurin. Sai kuma ta fata, domin kulorofom da danginsa suna ratsa fata. A shekarar 2010 aka buga wani bincike da aka yi a birnin Basalona na ƙasar Sifen. An sa mutum 49 sun yi iyo na minti 40 a rufaffen kwami. An auna numfashinsu kafin su shiga da bayan sun fito. Dangin kulorofom da ke cikin numfashin sun ninka kusan sau bakwai. A ruwan kwamin kuwa an ƙirga 'ya'yan kulorin iri fiye da 100.

Yanzu ku saurara da kyau, don ba na so a fita daga nan a ce edita ya ce iyo yana kisa. Ban ce ba. Illolin iri biyu ne. Akwai waɗanda aka tabbatar, akwai waɗanda ake zargi.

Wanda aka tabbatar shi ne jan ido, da tari, da bushewar fata, da tayar wa mai ciwon asma ciwonsa. Kuma ya fi kama waɗanda suke wuni a wurin kullum: masu shara, masu gadin masu iyo, masu koyarwa, da 'yan wasan da suke horo awa da awanni. Baƙon da ya shiga sau ɗaya a wata abin da zai same shi kaɗan ne.

Wanda ake zargi na farko shi ne asma ga yara. Wani masani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Alfred Bernard ya binciki 'yan makaranta a birnin Burasal, ya buga sakamakon a 2003. Ya ga alamar yaran da suka fi zuwa rufaffen kwami sun fi samun asma. Amma a 2011 aka buga wani binciken daga Ingila, wanda ya bi yara fiye da 5,000 tun suna ƙanana. Shi bai ga iyo ya ƙara musu asma ba. Har ma ya ga huhun masu iyon ya fi ƙarfi. Masana suna nan suna ja-in-ja a kai.

Zargi na biyu shi ne ciwon daji na mafitsara. Wasu bincike sun ga mutanen da suka shekara da yawa suna amfani da ruwa mai dangin kulorofom da yawa sun ɗan fi sauran kamuwa da shi. Ana maganar shekara talatin ko arba'in ne, ba wata ɗaya ba. Saboda wannan zargi gwamnatoci suka kafa iyaka. Amurka ta kafa tata a 1979, ta ƙara matse ta a 1998. Iyakar da ta sa wa ruwan sha ta yi daidai da giram ɗaya a cikin duro 60 da 'yan kai. Ku dubi irin taka-tsantsan ɗin. Ba su hana kulorin ba. Sun ce a rage ƙazantar da ke cikin ruwa kafin a zuba shi.

Maganin abin ba shi da tsada

Wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi game da otal ɗin can. Gyaran bai kai kuɗin da suke kashewa a na'urar sanyi ba. Kowa ya watsa ruwa kafin ya shiga. Wanka na minti ɗaya yana wanke yawancin gumi da man da ke jiki. A kai yara bayan gida kafin su shiga, a kuma riƙa fito da su lokaci lokaci. A riƙa rage tsohon ruwa ana ƙara sabo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2006 cewa a ƙara sabon ruwa aƙalla lita 30 saboda kowane mutum ɗaya da ya shiga. A buɗe tagogi iska ta ratsa. Yawancin kwamin ƙasarmu a fili suke, iska tana kwashe warin, wannan sa'a ce. Sai dai rana tana cinye kulorin da sauri, ga ƙurar hunturu, ga ganye. Don haka sai an riƙa aunawa kullum. Akwai 'yar takarda da ake tsomawa a ruwa ta sauya launi, ta nuna ko maganin ya isa. Ba a aunawa da hanci.

Ga iyayen da 'ya'yansu suke wannan aiki a birni, ku kai musu saƙona. Abin da ya fi warin nan haɗari shi ne garin maganin kansa. A Amurka, tsakanin 2008 da 2017, kimanin mutum 4,500 ne ake kaiwa asibiti da gaggawa kowace shekara saboda magungunan kwamin iyo. Yawanci shaƙa suka yi, ko ya fallatsa musu a ido. A kwamin iyo ana amfani da kulorin, ana kuma amfani da asid don daidaita ruwa. Idan biyun suka haɗu a bokiti ɗaya, iska mai guba ce take tashi. Irinta aka yi yaƙi da ita a Beljiyam a 1915, ta kashe sojoji da yawa. Kada a haɗa su. Kada ma a ajiye su kusa da juna. A buɗe robar magani a fili, ba a cikin sito ba. A sa safar hannu da tabarau. A zuba garin a cikin ruwa, kada a zuba ruwa a kan garin.

Wannan gargaɗi ya shafi gidajenmu ma. Iyaye mata, kada a haɗa bilic da ruwan wanke masai, ko da ruwan batir, wai don ya fi ƙarfi. Manoma, idan an ba ku ajiyar garin kulorin na rijiyar gari, kada ku jingina shi da buhun taki, ko jarkar fetur, ko baƙin mai. Ɗan kuloramin na uku da na ba ku labari, idan ya taru da yawa wuri ɗaya fashewa yake yi. Bafaranshen da ya fara gano shi, mai suna Dulong, sai da ya rasa ido ɗaya da wasu yatsu. A ruwan kwami bai kai yawan da zai fashe ba. Amma garin kulorin da yuriya a sito ɗaya, ga damshin damina, wannan neman fitina ne.

Mu dawo bakin rijiya

Na yi muku alkawari maganar za ta iso gida. Ga ta.

Na sha jin mutane suna ƙin ruwan da aka sa wa kulorin. Wasu su ce yana wari. Wasu su ce yana ɓata koko. Yanzu kuma da waya ta shiga hannun kowa, wani zai ji rabin labarin da na ba ku, ya zo dandali ya ce masana sun gano maganin ruwa yana sa ciwon daji. Wanda ya bar kulorin saboda wannan, ya gudu daga gara ya faɗa gidan zago.

Ku auna da kanku. A shekarar 2021 amai da gudawa ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya. Fiye da 3,500 suka rasu. Bauchi da Jigawa da Kano da Sakkwato suna cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. Wasunku a nan sun yi jana'iza a shekarar. Wannan cuta tana iya kashe ƙato cikin yini ɗaya. A ɗaya hannun kuma ga zargin wata cuta da ƙila ta zo bayan shekara talatin, ga mutum kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna biyun, ta yanke hukunci a fili. Ta ce kada a sassauta kashe ƙwayoyin cuta saboda tsoron 'ya'yan kulorin. An kuma gwada irin wanda muke yi a gida. Wani bincike da aka yi a ƙauyukan Kenya, aka buga a 2008, ya auna ruwan kogi da na tafki da na rijiya bayan an sa musu kulorin na kwalba. Dangin kulorofom da aka samu ba su wuce iyakar da hukumar ta sa ba.

Amma darasin kwamin iyo yana da amfani a randa. Ruwan burtsatse da na rijiya mai murfi ba su da ruɓaɓɓen ganye sosai, don haka 'ya'yan da kulorin zai haifa a ciki kaɗan ne. Ruwan tafki da na rafi da na kududdufi su ne ɗanyen itace. Idan ka zuba magani a ruwa mai laka, lakar za ta cinye shi, ya yi wari, ƙwayar cuta kuma ta tsira. Saboda haka a fara da abin da kakanninmu suka sani. A bar ruwan ya kwanta. A sa alimun, ko dakakkun 'ya'yan zogale, laka ta sauka ƙasa. A tsiyaye na sama a tace da tsabtataccen ƙyalle. Sannan a sa magani. Gidan ruwa ma haka yake yi: alimun, sai tacewa da yashi, kulorin a ƙarshe.

A yi amfani da wanda aka yi don ruwan sha, na kwalba irin su WaterGuard ko na ƙwaya irin su Aquatabs. A bi awon da aka rubuta a jiki. Wanda karatunsa bai kai nan ba ya kai wa malamin ajinsu ko ma'aikacin asibiti ya duba masa. Kada a ɗebo garin kwamin iyo daga birni a riƙa zubawa a randa da ƙiyasi, ya fi ƙarfin haka. Kada a sa bilic mai turare. Bayan an sa magani a jira minti 30 kafin a sha. A rufe randa, a keɓe mata moɗa ɗaya, kada yara su riƙa tsoma hannu. Ɗan ƙanshin da za ku ji kaɗan alama ce maganin yana nan yana gadi. Idan ya yi yawa har yana hawa kai, ko dai an zarce awo, ko ruwan bai tacu ba.

Kada kuma wani ya ce to ai gara yaranmu da suke iyo a kududdufi, tun da babu magani a ciki. Kududdufi da bakin dam su ne gidan tsargiya. Ƙwayarta tana zaune a jikin ƙananan dodon koɗi, ta fito ta huda fatar yaro yana cikin iyo. Bayan wani lokaci a ga yana fitsarin jini. Wasu har suna ɗauka alamar balaga ce. Ba balaga ba ce, cuta ce, kuma akwai maganinta a asibiti. Abin da yake mayar da ita ruwan kuwa shi ne fitsarin mai ɗauke da ita. Kun ga, a birni da ƙauye, mai laifin ɗaya ne.

Wasu sun tambaye ni a waje yadda aka ƙare da ɗan ƙanwata. Mun kai shi asibiti. Likita ya duba ƙirjinsa, ya ba shi magani, ya ce ya yi mako biyu bai kusanci ruwan ba. Tarin ya tsaya, idon ya washe. Da ya koma, na rubuta masa takarda ya kai wa mai kula da wurin. Tagogi dai an buɗe, an kuma saya masa safar hannu. Maganar a sa baƙi su yi wanka kafin su shiga kuwa, mai wurin ya ce ba zai iya faɗa wa manyan mutane haka ba, kada su yi fushi su koma wani otal. Yaron yana can yana aiki. Uwarsa ta ce in ya zo hutun nan za ta sāke duba idanunsa.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.